Abin da Barmo Ya Ciro

Tunkiyata ta daina tuƙa tun daren Talata.
Na ba ta dusa, ta kau da kai,
na jiƙa mata kanwa, ta shinshina kawai.
Ciki kamar ganga, ƙafafu kamar sillen kara.

Da asuba na kira Barmo mahauci
kada ta yi mushe.
Da ya farke tumbin sai ya yi shiru,
ya sa hannu ya jawo wani baƙin dunƙule,
leda kan leda, sun murɗe kamar igiyar guga.
Ya ce, "Tanimu, ga kiwon da ka yi mata."

Na gane su.
Ga ta ƙosan Gwamma, da na cinye na yar a gindin danga,
ga ta manja, ga ta gishirin ran kasuwar Gujungu,
ga farar nan ta ruwan sanyi da na tsotse a gona
na ce iska ta kwashe.
Ta kuwa kwashe. Ta kai mata.
Har da ɗa a cikinta, ko gashi bai yi ba.

Yau na sauko da kwandon tsohuwata daga maratayi,
na kakkaɓe masa yana,
na ɗauraye gyandama.
Manja na da kwalba, ƙosai na da kwano.
Yara na ta dariya, wai Baffa ya koma zamanin da.

Mai tebur ya miƙo min leda, wai kyauta ce.
Na ce riƙe abarka, na san kuɗinta:
tunkiya guda, da ɗan cikinta.