Kwana Tara a Anakao

Na baro Antananarivo da hutun kwana tara,
da takalmin ofis, da malafar da na saya a tasha,
da wani littafi mai zane-zane
da ya ce tuƙa jirgin iska ba wuya.

Tsoho Retsiky ya juya littafin gaba da baya,
ya ce takardar tana da kauri,
za ta yi kyau a naɗe soyayyen kifi.
Jikarsa Soavelo ta rufe baki tana dariya.

Jirginsa kututture ne guda da aka fafe,
da sanda a gefe mai hana shi kifewa.
Filafilin kuwa buhunan shinkafa ne goma sha ɗaya,
an ɗinke su da zaren kamun kifi,
har yanzu ana karanta nauyin kowane buhu.

Ranar farko bai bar ni na taɓa igiya ba.
Gwangwani ya miƙo mini.
Ya ce, "Kwarfe ruwa.
Wanda bai san ta inda ruwa ke shiga ba
bai san jirginsa ba."
Na yini ina kwarfa, ina amai, ina kwarfa.

Ya ce, "Daina kallon ƙafarka.
Ɗaga ido can inda sama ta jingina da teku,
cikinka zai kwanta.
Ka ci rogo kafin mu fita, kada ka cika.
Ka sha ruwa tun ƙishi bai yi sallama ba.
Ranar nan sau biyu take duka,
ɗaya daga sama, ɗaya daga ruwa,
sa riga mai dogon hannu, ɗan birni."
Ban sa ba.
Da dare ko zanen gado ban iya jingina wa baya ba.

Rana ta uku Soavelo ta koya mini launi.
Shuɗi mai duhu, wuce abinka.
Kore, rage gudu.
In ka ga ruwan ƙasa kamar shayi ya zube,
dutsen murjani ne ke kwance yana jira,
kuma bai taɓa matsa wa kowa ba.
Shekarunta goma sha biyu.
Ni mai lissafa kuɗin jama'a a banki,
ta sa ni maimaita ƙulli ɗaya sau ashirin.

Ana fita da asuba, in ji su,
a dawo kafin iskar kudu ta farka,
don ita da la'asar ba ta jin magana.
Rana ta shida na roƙi a ƙara zagaye ɗaya.
Tsohon ya dubi gajimare, ya dube ni,
ya sa mini igiyar a hannu.

Da iskar ta zo, ban ji sallamarta ba.
Filafili ya cika ya batse,
sandar gefe ta tashi sama tana ɗiga,
ni kuwa na ƙanƙame igiya kamar albashin wata.
"Saki!" Na ƙara ja.
"Saki!"
Sai gishiri a hanci, sai duniya ta juye.

Ruwan iya ƙirji ne, ashe.
Ya san wurin, da gangan ya kawo ni.
Malafata ta kama hanyar Mozambik ita kaɗai,
wayata tana can ƙasa wajen ƙaguwa.
Muka tayar da jirgi, muka kwarfe, ba mai magana.
Can ya ce, "Hannu ya fi kunne riƙe karatu."

Rana ta tara ni na kawo mu gaɓa,
a karkace, amma a bushe.
Iska ta taso sau biyu,
sau biyu yatsuna suka buɗe tun ban umarce su ba.
Retsiky bai yaba ba, yana can yana gyaran koma.
Soavelo ce ta ce ƙullina ya kusa zama ƙulli.

Yanzu ga ni a ofis, fanka na juyawa,
takardu na ɗagawa a kan tebur.
Kantar tafin hannuna ta soma gogewa,
amma na lura kuncina na hagu
yana gaya mini ta inda iska ke zuwa.