Kunnuwa Biyu a Tsibirin Jeju

Da hantsi Yang Ok-bun ta shigo,
gishirin teku bai bushe a gashinta ba,
jikanta Du-ri a kafaɗa, yana kuka ƙasa-ƙasa.
Shekara hamsin tana nutso neman katantanwa,
yau kunne ya fito da ita tudu.

Na ja fatar kunnenta kaɗan, ta zabura, ta yi tsaki.
Zaure ne ya kumbura, ruwa ya kwana a ciki.
Na leƙa: dodon kunne lafiya lau, babu huji.
Gobarar zaure ba a kai mata ruwa ta bayan gida.
Ba ƙwaya. Na ɗigawa, safe da yamma,
kwana bakwai, kuma ba ke ba teku.
Ta dube ni kamar na ce ta daina numfashi.

Na yaron daban. Zaure fes,
amma can ƙurya dodon ya yi ja wur, ya bunƙaro.
Ɗigo ba ya ƙetare rufaffiyar ƙofa.
Shekarunsa huɗu, zazzaɓin sama-sama.
Na ce a ba jiki kwana biyu, da maganin zogi.
In bai sauka ba, sai amoksisilin.
"Fenisilin ya taɓa feso masa ƙuraje?"
Ta girgiza kai.
"In an fara, a kai ƙarshe, ko ya soma wasa."

Ta fita tana gunaguni.
Ta taga na hango ta kan baƙaƙen duwatsu,
ta daɗe tsaye,
ta juya wa teku kunnen da ke lafiya.