Ɗaki Mai Lamba Tara

Sun ce, "Baba, ga makulli, lamba tara naka ne."
Na ƙirga taku daga ƙofa, sha bakwai,
na tsaya, dariya ta kama ni:
nan injina ya zauna shekara ashirin da uku.
Ga ramin ƙusoshinsa huɗu, siminti bai ɓoye su ba.

Inda Kyari ke yanka kirgi ya zama madafa.
Wata mata daga Mirya na soya albasa
daidai inda ɗan yatsansa ya faɗi.
Ban gaya mata ba.

Sau uku suka shafe bango da farar ƙasa,
amma in hadari ya taso ta Gure
bagaruwa da jima sai su farka cikin bulo,
su zo mini hanci kamar masu bin bashi.

Mu muka sa wa rabin Damagaram takalmi:
ɗan lakwal, soja, mai garuwa,
alhazan Zango.
Yau ga takalma jibge a kowace ƙofa,
roba zalla,
ba wanda zai ga salla biyu.

Jiniyar ƙarfe bakwai ta mutu tuntuni.
Jaririn lamba goma ya gaje ta,
shi ma ba ya makara.

Jiya uwar ta fito da shi hantsi.
Na kama tafin ƙafarsa, na auna da yatsa,
ashe hannu bai manta ba.
Akwai guntun jar fata a ƙasan akwatina.
Basillar ce ban san inda na aje ba.