Bado a Fadamar Baturiya

Da azahar na iso, kyamara a wuya,
na tarar fadama ta yi gum da bakinta.
Ganye kawai, shimfiɗe kamar faifai,
gefensa da haƙora irin na zarto.

Cindo mai kwalekwale ya yi dariya:
"Wa ya ce maka bado na jiran rana?
Da dare yake buɗewa, ɗan birni,
hantsi na duban ludayi ya tsuke."

Na kwana a zaurensa, sauro ya sha biki.
Da assalatu muka tura jirgi,
gora na nutsewa cikin taɓo,
kacalla na shafar kafaɗunmu.
Can bayan wata giginya da ta faɗi
sai ga shi, fari sol, ba ɗaya ba, ba ɗari ba,
tsakiyarsa rawaya kamar ƙwaiduwa,
ƙafarsa kuwa tana can ƙasa cikin laka
inda ido ba ya kaiwa.

Na miƙe tsaye, jirgi ya yi tangal-tangal.
"Kwanta," in ji Cindo, "inuwarka ta rufe shi.
Kuma yi sauri, in rana ta ɗaga
farin zai ƙone maka hoto."
Na kwanta rub da ciki, haɓa a bakin katako,
wani tsuntsu mai dogayen yatsu
ya taka ganye ya wuce, bai jiƙe ba.
Shi kam ban same shi ba.

Tabawa na cikin ruwa har ƙugu,
ƙwarya na yawo a gabanta,
tana tsinkar 'ya'yan da suka nuna.
Ta ce za ta shanya, ta sussuke, ta dama kunu.
"Naka hoton fa, da me ake shan sa?"
Ban da amsa. Ta lalubo saiwa guda,
baƙa, mai gashi, ta jefo mini:
"Randa za ka samu, ka zuba taɓon nan,
ruwa kamu biyu, rana ta wadace shi.
Kada ka dame shi da sauyin ruwa."

Yau wata uku ke nan.
Randar na bayan ɗakina, na sa ƙananan kifi
don maƙwabta sun yi ƙorafin sauro.
Ganye biyar, bayansu ja-ja. Fure babu tukuna.
Kullum bayan isha nakan fita da tocila
in leƙa.