Nakiya Ƙarƙashin Harshe

Matakala ɗari da goma sha huɗu
tsakanin kasuwar kifi da ƙofarmu.
A Valparaíso gida ba ya zama a ƙasa,
rataye yake a jikin tsauni kamar shanya.
Babana, Eleuterio Barría, ya san kowace matakala,
ya san wadda ta tsage, ya san inda kyanwar Fresia ke shan hantsi.
Da can a guje yake hawa, buhun dankali a kafaɗa.
Yanzu a ta talatin da takwas yake tsayawa,
wai teku yake kallo.

Ba teku ba ne. Na ga hannunsa
dunƙule a tsakiyar ƙirji
kamar mai riƙe tsuntsu kada ya tashi.
Ba suka ba ce, in ji shi,
wani ƙato ne ke zauna masa a ƙirji ba sallama,
ya miƙe ƙafa ɗaya cikin hannun hagu,
ɗayar har muƙamuƙi.

Likita Ilabaca ta zana mana a bayan takarda:
ga zuciya, ga hanyoyin da ke kai mata jini,
sun tsuke, kitse ya ci gefe da gefe.
In yana zaune, ɗan abin da ke wucewa ya wadatar.
In ya hau tudu, ko ya ci ya yi nak,
ko iskar teku mai sanyi ta buge shi,
ko ya kama faɗa da rediyo kan ƙwallo,
sai zuciya ta nemi ƙari, hanya ta ce babu.
Kukan yunwarta ke nan.

Muka dawo da leda cike.
Ƙaramin asfirin da safe, kada jini ya yi gudaji.
Wata farar ƙwaya mai ja wa zuciya linzami,
tun da ya fara ta yatsunsa sanyi ƙalau
ko a zafin Janairu.
Ta dare ta kitse ce, yana mantawa da ita da gangan,
sai da na koma ajiye ta gefen haƙoransa na roba.

Amma 'yar kwalbar nan mai duhu
ita ta ba shi dariya har da tari.
Ya karanta sunan, ya sake: naitirogilisarin.
Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin tagulla na arewa
yana cusa nakiya cikin dutse.
"Nélida, ai tsohuwar abokiyar aikina ce.
Da ita muka farke cikin tsauni.
Yau an ce in kwantar da ita ƙarƙashin harshe
ta buɗe mini hanya."
Har ciwon kan da take sawa ya gane,
irin na safiyar Litinin, in an koma rami.

Dokar likita na manna a ƙofar firiji:
Zauna tukuna. Kada ka haɗiye, bar ta ta narke.
Duba agogo, minti biyar.
In ƙaton bai ɗaga ba, babu jarumta, a kira motar asibiti.
In ya zo kana kwance, ba ka hau komai ba,
wannan wani baƙo ne daban, ba a jiran sa.
Kada ka miƙe zumbur, jiri na laɓe.

Jiya na biyo shi daga nesa.
A ta talatin da takwas ya zauna,
ya ajiye kifin, ya buɗe kwalbar, ya juya agogo.
Mai sayar da gas ya wuce shi yana kaɗa tulu.
Ni ina bayan bango ina ƙirga numfashina maimakon nasa.
Minti uku, hannun ya saki riga.
Sai ya ci gaba da zama, ba don ciwo ba,
wani jirgi ne ke shigowa, ya tsaya ya ga tutarsa.

A bakin ƙofa bai ko waiwayo ba, ya ce,
"Gobe in za ki bi ni, ki canza takalmi.
Kuma tunda kin zo, ɗauki kifin."