Launin da Ke Bayan Shuni

Shekara arba'in hannuna na cikin baba.
Farcena bai ƙara yin fari ba tun ina saurayi a Bagalam.
Na san shuɗin tsomi uku,
na san wanda sai an kai tara,
har zane ya yi baƙi yana ƙyalli kamar bayan buzuzu.
Na ɗauka daga nan launi ya ƙare.

Sai Sahura ta zo hutu daga ƙasar karatunta,
ta tuɓe takalmi, ta zauna bakin karofi,
ta ce, Abba, gaba da shuninka akwai wani,
ido ba ya kama shi.
Can sama da inda shaho ke gajiya, sama da jirgi,
iskar da ta sirance tana shan rana,
tana furzar da ita haske-haske,
iskar ƙasa kuma ta shanye shi kafin ya iso soronmu.

Na ce to wa ya gan shi?
Ta ce babu. Aunawa ake yi.
Roka suke harbawa, siririya kamar azara.
Ba ruwanta da zuwa wata.
Ta hau, ta buɗe ido minti shida,
ta ƙirga ƙwayoyin hasken kamar mai tsintar gero,
ta sauko da laima cikin daji,
su bi sawunta da mota.

Shekara biyu ana shiri saboda minti shida!
Na yi dariya har muciya ta suɓuce mini.

Ba ta yi fushi ba. Zane ta nuna,
wanda na tsamo yanzun nan, kore shar,
yana juyewa shuɗi a kan igiya muna kallo.
Wa ya rina shi, Abba, kai ko iska?
Kwana nawa ka jira ramin nan ya nuna?

Na yi shiru.
Ashe guga suke jefawa,
sai dai rijiyarsu a kife take.

Ta koma ranar Laraba, motar asuba.
Ta bar mini takarda guda, layi ne mai tudu da kwari,
wai nan iskar ta fi haske, nan ta dushe.
Jiya da aka ɗauke wuta
na shimfiɗa tabarma ina fuskantar Gulbi.
Baƙi ƙirin, sai taurari da kukan kwaɗi.
Ban ga komai ba, kamar yadda ta faɗa.

Takardar na aljihuna.
Inda na riƙe ta, a kan tudu mafi tsawo,
babban yatsana ya bar shuɗi.