Layi na Arba'in da Bakwai

A Tarna aikina hana shuka ruwa.
Haka na gaya wa Baba Nomau ran da na kai masa albashin fari.
Ya aje ludayi, ya dube ni tsaf:
"Ashe yanzu har biyan mutum ake ya zama fari?"
Ya yi dariya har hura ta sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

Sha'ir ne. Baƙo. A ambulan ya zo,
iri ɗari da ashirin, babu mai suna, kowa da lamba.
Mun jera su a tukwanen roba ƙarƙashin rumfar raga,
mako uku suna sha kamar 'ya'yan gata,
sai Dakta Ilu ya ce in rufe famfo,
in riƙe makullin, kada in ji tausayin kowa.

Kullum da safe ina ɗora tukunya kan sikeli,
in rubuta abin da dare ya sata.
Na goma sha biyu ya fara naɗe ganye
kamar tabarma bayan baƙi sun watse.
Na sittin, mai tsawo, wanda na so a asirce,
kwana tara ya yi, ya kwanta gawa.

Arba'in da bakwai gajere ne, ba shi da kyan gani.
Ban taɓa tsayawa a kansa ba
sai da maƙwabtansa suka zama kara.
A madubi na ga ƙananan bakunan bayan ganyensa
a rufe ruf tun hantsi,
mai azumi da ya san magariba na da nisa.
Da muka fasa tukunya muka wanke ƙasa,
duk dukiyarsa ashe ta tafi ga saiwa.

Na yanki ganye, na niƙa a turmin da bai fi tafin hannu ba,
na zuba, na juya, na jira.
Wani farin zare ya taso cikin kwalba,
siriri, ko mazari ba zai kama shi ba.
Dakta ya ce rubutu ne, haruffa huɗu kacal,
ana ta jujjuya su tun kafin a haƙa rijiyar farko a Maraɗi.
Wataƙila harafi guda, in ji shi, can tsakiyar dubbai,
shi ya raba mai tsayuwa da mai faɗuwa.
Wataƙila. Sai an maimaita shekara uku.
Ba ya son kalmar "tabbas", kamar tana da ƙaiƙayi.

Ni kuwa Kaka Tsahara nake tunawa.
Shekarar da Gulbi ya zama hanyar jakuna,
ta bi gona zuwa tudun da ya fi ƙonewa,
ta karyo zangarniya shida da suka ƙi mutuwa,
ta soke su a jinka, sama da hayaƙi.
Yara na kuka, turmi na kife,
ta ce wanda ya taɓa su ya taɓa idonta.
Ba ta san alif ba.
Wane allo ta karanta, har ta gane wannan baiwa?

Jiya Baba ya zo a kan tsohon kekensa.
Ya ɗauki ƙwayar sha'ir, ya gartsa, ya tofar:
"Wannan ba zai yi hura ba."
Sai ya kwance tsumma daga aljihun 'yar shara,
zangarniya ce, gajera, baƙi-baƙi,
jikar jikar waɗancan shida.
"Karanta mini wannan. Me uwata ta gani?"

Dokar ɗakin ita ce lamba.
Na rubuta ɗari da ashirin da ɗaya,
ƙasa kaɗan, da fensir, na sa Tsahara.
Gobe zan shuka ta.
Mako uku, sannan in hana ta ruwa.